Zaren Rumfar Kande

A wani daji da ke bayan tafkin Marke, an yi wata tsohuwar bushiya mai suna Kande, wadda ta shekara talatin tana sayar da daddawa da kuka a kasuwar dabbobi. A zamanin ƙuruciyarta, wani kunkuru ne mai karɓar haraji, ana ce masa Malam Tanimu. Shekara guda cur yake yi kafin ya zagaye dajin, shi ya sa sau ɗaya ake biya. In ya iso rumfarta sai ta shimfiɗa masa tabarma ta dama masa fura, shi kuma ya tambayi lafiyar 'ya'yanta, kowa da sunansa. Shekarar da gobara ta cinye mata rumbu, tokar kawai ya kalla ya ce, "Bana ban zo ba, Kande," ya wuce. Gaskiya ne wuri ɗari yakan koma tamanin kafin ya isa majalisa, kowa ya san ƙoƙon bayansa na da zurfi. Amma ba ta taɓa riƙe shi a zuciya ba.

Da tsufa ya kama shi aka sallame shi, majalisa ta ɗauko gizo-gizo suka saƙa wa kasuwar yanarsu. Kowace rumfa da zarenta har zauren majalisa. Kana sayar da abu sai ka ja zare, nan take a rubuta a can, rasit ya faɗo wa mai saye. Ba rasit, ba ciniki.

Da farko abin ya burge Kande, don a makon farko aka gano birin da ya shekara goma yana rantsuwa zumarsa ba ta ciniki, ashe tulu uku yake sayarwa kullum. Sai dai akwai Talle, wata zomanya da mijinta ya rasu, wadda duk Juma'a Kande ke ƙunsa mata daddawa kyauta. Zaren bai san kyauta ba. Duk abin da ya bar rumfa ciniki ne. Kande ta biya harajin sadakarta sau uku, Talle ta ji labari, kunya ta hana ta dawowa. Sannan ruwan sama ya tsinka zaren, aka kwana huɗu masu saye na tsaye, kaya na gabansu, ba damar miƙa hannu.

Ranar zaman majalisa Kande ta yafa gyalenta ta tafi. Ɓauna ne shugaba, ƙadangare ma'aji yana gefensa yana gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "ban zo neman a dawo da Malam Tanimu ba, ƙafafunsa sun gaji. Zarenku ba ya ƙarya, na yarda. Amma bai taɓa tambayar ya na kwana ba, kuma ya kore mini baƙuwa. Wannan duk na haƙura. Abu ɗaya nake tambaya. Kafin in rufe ƙwarya kun san abin da ya shiga rumbun majalisa daga hannuna. To, ina zaren da zai gaya mana abin da ya fita?"

Ɓauna ya gyara murya.

"Inna, kin yi magana irin ta manya. Batun kyauta, za mu duba. Batun ƙofar rumbu kuwa, mun daɗe muna tunaninsa. Yau ɗin nan za a zaɓi gizo-gizon da ya fi kowa iya saƙa, a ba shi aikin."

Aka tafa, aka zaɓa, Kande ta yi godiya. A hanyar gida ta ratse ta gidan Malam Tanimu, ta iske shi yana shan hantsi, ido ya yi rauni. Da muryarta ya gane ta. Suka daɗe suna hirar waɗanda suka rasu, ta bar masa ƙunshin kuka, ta biya harajin kyautar washegari.

Shi kuwa gizo-gizon, saboda muhimmancin aikinsa, majalisa ta ba shi masauki a gidan ma'aji ƙadangare. Har yanzu ana jiran ya huta gajiya ya fito.