Rigar Dakta da Aka Yanka Daidai Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da makarantarmu ta ƙaddamar da karatun digirin dakta ba, kuma tun kafin in yi nisa bari in faɗa: laifina ne. Na daɗe ina ɗora wa tela, amma bawan Allah bai yi komai ba sai yarda da ƙaryar da na shirga masa.

Lokacin nan kuɗin mai ya buɗe, kowa a Katsina yana sayen Besfa da rediyo mai kaset. Ni kuma ina aikin sito a wata makarantar koyon kasuwanci da ke GRA. Karatuna bai wuce firamare ba, shugaban makarantar, Dakta Bishir, shi ya ɗauke ni saboda ya ce ya ga amana a fuskata. (Allah Ya jiƙansa, ido ba mudu ba ne, kuma a kaina bai san kima ba.) Sai ga shi an ƙulla da wata jami'a ta ƙasar waje, ɗalibanmu za su fara karatun dakta a nan gida, su je can su ƙarasa. Aka sa ranar biki, Dakta ya aika aka kawo masa rigarsa ta digiri daga Ingila, ja wur, mai faɗin hannu. Ya miƙo mini akwatin ya ce, "Lawal, ka adana, ka sa a goge ta. Ita zan sa ranar."

To, a makon ne taubashina Sada ya aiko da hotonsa daga Ikko, ya jingina da wata Fijo, an yi ta yawo da hoton gida-gida a Ƙofar Kwaya. Na san motar ba tasa ba ce. Na ce a raina, in shi ya ari mota, ni zan ari ilimi.

Da na gwada rigar sai na ga matsala. Dakta dogo ne kamar giginya, ni kuwa in na zauna a benci ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Rigar na jan ƙasa kamar ina share sito. Na naɗe ta na nufi shagon Baba Ɗanjuma tela, aminin mahaifina, da nufin ya ɗan ɗage ta da zare, a ɗauki hoto, a warware.

Ya ɗaga rigar yana jujjuyawa. "Lawal, wagga ta wa ce?"

Nan ne fa ya kamata in ce ta maigidana ce. Sai na ji bakina ya ce, "Tawa ce, Baba. Makaranta ta ba ni, saboda sabon karatun nan."

Idon tsoho ya ciko. "Ashe ɗan Malam Mamman ya kai nan. Tahi abinka, jibi ka dawo."

Da na dawo, sai da na dafa ƙyaure. Baba ya yanke rigar daidai tsawona, ya rage hannu, ya yi mata kalmasa mai kyau. Bai tsaya nan ba. Ya yi sabon keken ɗinkin ado a lokacin, don haka ya zuba mata aska biyu a ƙirji da zare ruwan gwal, irin na babbar riga. Da ƙyallen da ya rage kuma ya ɗinka mata aljihu.

"Turawa ba su gama ta ba," in ji shi. "Riga ba aiki, ba aljihu, ina mutum zai sa goronsa? Kar ka ba ni ko sisi, gudummawata ce."

Na yi godiya. Wallahi har da durƙusawa. Kuma (wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya yau) daga nan sai da na biya Ƙofar Guga aka ɗauke ni hoton. Na ce tunda an riga an yi asara, kada a yi biyu. Sannan na sa aka goge ta, na ninke, na mayar akwati, na ja bakina na yi gum, ina fata ko Dakta zai fasa sa ta saboda zafi.

Bai fasa ba. Ranar biki an kafa rumfuna, manyan 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati sun cika kujeru, ga wani farfesa Bature da ya zo daga jami'ar can. Ana gab da fitowa Dakta ya ce in kawo akwati ofis. Ya buɗe, ya zura. Rigar ta tsaya masa a gwiwa, hannu a gwiwar hannu, aska biyu na ƙyalli. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya sa hannu a aljihu ya fitar.

"Lawal, guga ce ta yi wannan?"

Ina laluben wata ƙaryar, sai lokaci ya yi. Ana ta ƙwanƙwasa ƙofa, baƙi na jira. Ya gyara wuyan rigar ya fita, ni kuma na bi bayansa ina lissafin wace sana'a zan kama gobe.

Da ya hau mumbari sai aka ɗauki tafi, don mutane sun zaci da gangan aka yi. Har na fara samun numfashi. Ashe Baba Ɗanjuma ya rufe shago, ya sa rigar Juma'a, ya zo ganin ranar ɗansa. Daga can baya na ji muryarsa, irin ta wanda ya saba magana keke na ƙara.

"Ai ɗinkina ne! To amma mi ya kai rigar Lawal jikin wanga dogon? Lawal, aro ka ba shi?"

Duk rumfar ta waiwayo ta same ni riƙe da tiren lemo. Da ƙasa za ta tsage da na shige, har da tiren.

Dakta Bishir ya yi dariya har yana riƙe lasifika. Ya ce, "Jama'a, kun ji. Karatun da muke buɗewa yau kamar rigar nan yake: daga waje aka kawo, a Katsina aka yanka. Sai dai muna fata shi a auna shi da mai sawa." Aka yi ta dariya. Kafin a tashi, Baturen nan ya kama hannun Baba yana neman a yi wa tasa rigar irin aikin, Baba na gaya masa da Hausa cewa sai bayan Sallah, aiki ya yi yawa.

Ba a kore ni ba, amma har na bar makarantar sunana Dakta Aro. Hoton kuwa ban aika wa Sada ba, labarin ya riga shi isa Ikko. Abin da na koya shi ne, in za ka yi ƙarya, kada ka yi wa mai ƙaunarka, domin shi zai yarda, kuma zai ɗauko almakashi.

Shi Dakta, tun a ranar na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, kuma aljihun ya yi masa amfani. Baba ne na yi ta kewaye wa shago har aka gama azumi. Ranar da na yi ta maza, na same shi a kan keke, na tuɓe takalmi na tsuguna.

"Baba, rigar nan ba tawa ba ce, ba a taɓa ba ni komai ba. Na sa ka yi hawaye a kan ƙarya, na sa ka yi kyauta a kan ƙarya. Ka yafe mini don darajar abotarka da mahaifina."