Ranar da Na Kira Gayya Cikin Aji

Ko zan manta da sunan kakana, ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ɗalibaina suka tashi daga goma sha ɗaya zuwa arba'in da hantsi, kafin azahar kuma suka koma ɗaya tak.

Yau in ka bi ta bayan garinmu, a nan ƙasar Madawa, ka ga majami'ar Katolika da ƙararrawarta da azuzuwa a jere, sai ka ɗauka haka aka sauko da su daga sama. A'a. A lokacin da nake ba ku labari, ƴan shekaru bayan babban yaƙin Turawa, majami'ar ɗakin laka ce ƙwaya ɗaya. Masu zuwa cikinta ma'aikatan kumandan ne, wato Baturen mulki, ƴan Dahome da Togo da iyalansu. Limaminsu wani Bafaranshe ne siriri, muna kiransa Mompe. Makarantar kuwa rumfar kara ce, ni ne mushe, wato malaminta. (Ba Kirista ba ne ni, kuma ba ilimi ne ya yi mini yawa ba. Shekara huɗu na yi a lakwal, wato makarantar gwamnati, sannan ni kaɗai na yarda da aikin.) Amma ku zo ku ga tafiya: hular kwano a ka, alli a aljihu, gaisuwa ma sai na ga dama nake amsawa.

Bayan Allah da wannan rumfa, abu ɗaya Mompe yake so a duniya: furanninsa. Tsohuwarsa ce ta aiko masa da irin cikin wasiƙa. Shekara uku yana jan ruwa da kansa yana shayar da su, don ya riƙa ƙawata majami'a ranar Lahadi. Mutanen gari har tsayawa suke yi kallon ikon Allah, namiji babba yana wahala a kan ciyawar da ba a miya da ita.

Ana tsakiyar damina sai takarda ta zo cewa babban limamin su Mompe, Monsanyer, zai zo daga Yamai ranar Alhamis. In ya tarar da yara talatin, za a gina aji. In bai tarar ba, a rufe makarantar. Ni kuma in koma gona, inda hular kwano ba ta da wani amfani.

Mompe ya yi tagumi. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce dangina sun daɗe suna roƙona in ɗauki ƴaƴansu.

"Da gaske ɗalibai ne, mushe?" ya tambaye ni.

Na ce ɗalibai ne na haƙiƙa. Ko ƙifta ido ban yi ba.

Na hau jaki na nufi ƙauyen kawuna Arzika, sarkin noma, a kan hanyar Buza. Na san sarai in na ambaci lakwal ko ɗan akuya ba za a ba ni ba, don a zamanin cikin rumbu ake ɓoye yara in an ji mai ɗaukar ƴan makaranta ya shigo gari.

"Kawu, yara nika so, kamar talatin, ran Alhamis da sahe. Akwai hura, akwai goro."

"Gayya kaka kira ke nan?"

"I, Kawu, gayya ta."

"Madalla! Ɗan ƙanwata ya yi hankali, ya komo ga noma."

Ranar Alhamis da sassafe sai ga su. Na ce yara, Kawu ya ji gayya, gayya kuwa ba a tura mata masu majina. Samari ne majiya ƙarfi, kowa da hauya a kafaɗa. Babbansu Nomau har gemu ya fara. A bayansu ga Illo makaɗi rataye da gangar noma. Mai hankali da a nan zai tuba. Ni sai na tattara hauyoyin na jingine bayan rumfa, na ce Bature zai fara duba su kafin aiki. Na tura masu gemu can baya, na koya musu su miƙe su ce "Bonjur Monsanyer". Illo kuma na zaunar da shi gindin aduwa, na danƙa masa goro biyu, na manta da shi.

Da hantsi motar Monsanyer ta iso. Tsoho ne mai farin gemu da farar doguwar riga. Ɗalibaina suka miƙe suka rafka gaisuwar da sai da rumfa ta girgiza. Ya dubi na baya, ya dube ni. Na ce masa yaran ƙasarmu ta Adar saurin girma gare su.

Na fito da takardata na fara karanta tarihin majami'a, wanda na yi kwana uku ina tsarawa. Yadda aka fara da ɗaki ɗaya, yadda aka haƙa rijiya, yadda Allah ya kawo wani haziƙin mushe. Ina cikin haka sai matan da na sa dama fura suka iso da ƙorai a ka, suka sauke su daidai gaban Illo.

To, ga abin da na sani tun ina yaro amma hular kwano ta mantar da ni. A gayya, fura ba ta zuwa sai aiki ya yi nisa. Kuma ƙauyen da samarinsa suka sha furar gayya ba su yi gumi ba, gorin zai bi su har jikoki.

Na ɗaga murya na karanta layin da na fi alfahari da shi: "Waɗannan yara sun ajiye hauya har abada, sun rungumi alƙalami."

Ban rufe baki ba ganga ta tashi.

"Ina Nomau na Arzika!" Illo ya kwarma. "Hura ta iso, ba ku tada ƙasa ba! A ce ɗiyan garinmu sun sha hurar banza?"

Wallahi ban ga fitarsu ba, ƙura kawai na gani. Zanar rumfa ta faɗi. Ɗalibaina na gaskiya ma suka bi, har da ɗan akawun Dahome wanda bai taɓa riƙe hauya ba. Suka suri hauyoyi suka waiga neman gona, kuma a duk filin wuri ɗaya ne mai shinge da ciyawa koriya shar, wato lambun Mompe. Na bi su da gudu, takarda a hannu, ina ihu da Faransanci su zauna. Hulata ta faɗi, wani ya take ta. Illo ya ga mai gayya da kansa yana tsalle, sai ya ƙara wa kiɗa wuta.

Kafin a sha ruwa an gama. Nomau ya zo yana sharce gumi, ya tsaya gabana, gaban Monsanyer, ya ce:

"Mushe, gonag ga taka ta ci haki ƙwarai, amma mun gyara ta. Ina ta biyu?"

Na waiga cikin aji. Ɗalibi ɗaya ya rage, Idi, wanda kurkunu ya kama wa ƙafa, shi ma kuka yake yi don an tafi an bar shi.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma abin da ya fi ƙona mini rai Mompe ne. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa cikin turɓaya da farar rigarsa yana tsintar furannin ɗaya bayan ɗaya. Da ya ɗago sai ya ce, "Mushe, da ka bar su goma sha ɗaya, da na san yadda zan roƙa." Nan na faɗi gaskiya duka a gaban kowa, da Hausa, don Faransancin ya riga ya bi hulata.

Da aka fassara wa Monsanyer, ya yi dariya har da hawaye. Ya ƙara mana shekara guda, ya ce a riƙa buɗe makaranta bayan girbi, a rufe in ruwa ya sauka. (Wannan dabara kowace tsohuwa a kasuwa ta san ta, mushe ne kaɗai bai sani ba.) Kawu da labari ya kai masa, kunya ta kama shi an yi wa baƙo ɓarna da sunansa. Ya aiko da yara takwas a sa su lakwal don ban haƙuri, ni kuma ya aiko mini da saƙon da ba zan maimaita ba. Ba mu jira cikar talatin ba, da rani aka gina ajin farko a daidai wurin furannin, tunda an riga an share shi. Da gayya aka gina shi, amma Mompe ne ya kira ta.

Haka makarantar ta fara girma. Shi ya sa duk lokacin da ake bikin tunawa da kafa ta, ake zaunar da ni a gaba cikin waɗanda suka yi sadaukarwa, ni kuma ina gyaɗa kai kamar gaske.

Hukuncina shi ne in shuka ɗan irin furannin da ya rage a wani gefe, in riƙa jan ruwa kowace safiya. Shekara guda cur ina shayar da ciyawar da ba a miya da ita, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Sannu mushe, a kira maka gayya?"

Abin da na koya dai bai taka kara ya karya ba, amma na biya shi da hula da mutunci: in za ka kira mutanen Adar gayya, ka tanadi gona kafin ka tanadi fura.