Rigar Kaka Mai Zare Biyu

"Lafiya lau, tsohuwa. Ashe dai kin kwana? Na ɗauka yau za mu raba gadon keken ɗinkin nan."

"Ungo naka! Sai na goya jikokinka, in ka samu mai aurenka. Wannan kuma mene ne ka shigo mini da shi a jiki? Buhun gawayi?"

Mai maganar nan Kaka ce, mahaifiyata, wadda ta yi shekara arba'in tana ɗinki. Wanda take yi wa kuwa jikanta ne, ɗan yayana, makaɗin ganguna a wata ƙungiya ta samari biyar. Ranar ce za su fara hawa babban dandamali a bikin kiɗa da ake yi a fili, ƙarfe biyu na rana, ba rumfa ba bishiya. Ya shigo cikin baƙar jaket mai sheƙi, zik har wuya, sai wani ɗaga kafaɗa yake.

Ni ina gefe ina guga, ina satar kallonsu, don na san abin da ke ƙarƙashin matashin Kaka. Wata uku muna fama da ita ta bar ɗinki saboda idonta ya yi rauni, ni da bakina na ce a fitar da keken daga ɗakin. Sai ta ce mu bar ta ta yi riga ɗaya: in jikan nan nata ya sa ta ya hau dandamali, keke ya zauna, in ya ƙi, mu ɗauke. Shi bai san da wannan magana ba. Kwana tara ta yi a kan rigar da a da take gamawa kafin azahar.

"Buhun gawayi? Kaka, wannan ita ake yayi. Yau mutum dubu biyar za su kalle ni."

"Za su kalle ka kam, lokacin da ake fitar da kai a sume ana maka fifita da kwali."

"Fata ce fa, ta gaske!"

"Matso in taɓa." Ta murza gefen jaket ɗin da yatsu biyu, ta taɓe baki. "Dabbar da aka feɗe aka samu wannan, a masana'antar bokiti aka haife ta. Leda ce, maigida. An sayar wa mijina leda."

"Kishi ne kawai. Kin san in 'yan mata suka gan ni a haka, kwananki ya ƙare."

"Su zo su ɗauka, har da kuɗin mota zan ba su. Goggonsa, kashe fankar nan."

Na kashe. Ta tura masa kujera gaban teburin yanka, ta miƙa masa ludayi biyu.

"Zauna ka kaɗa mini abin da za ka kaɗa a can. Har da wurin da kake ɗaga hannu sama kamar ɓarawon da aka ritsa."

Gogan naka ya zauna yana dariya, ya fara. Kiɗa kam ya iya, ba zan ɓoye ba, har ƙafata ta soma motsi. Amma da ya ɗaga hannu biyu zai sauke, sai jaket ta tattaro ta haye masa har kunne, cikinsa ya fito waje, wuyan ya shaƙe shi. Bai yi minti uku ba gumi ya fara ɗiga daga haɓarsa, ludayi ɗaya ya suɓuce ya tafi ƙarƙashin gado.

"To, a ɗaki ke nan, a inuwa," in ji Kaka. "Wanda ya auna wannan jaket, mutumin da ke tsaye a layin banki ya auna. Makaɗi hannu a sama ake auna shi."

"Yaushe kika taɓa auna ni?"

"Ranar da na sa ka sauko mini da akwati daga kan kabad. Ka ɗauka akwatin nake so? Taƙi uku da yatsa biyu ne bayanka, kuma kafaɗarka ta dama ta fi ta hagu."

"Wallahi tsohuwar nan 'yar leƙen asiri ce!"

Ta zaro rigar ta wurga masa. Farar auduga ce mara nauyi, ba kwala, wuyan a buɗe, hannunta iya gwiwar hannu, an tsaga gefe da gefe don iska. A hammata ta ƙara wani ɗan ƙyalle, yadda ko hannu ya kai rufi jikin rigar ba zai motsa ba.

"Wannan ai rigar majinyata ce. Saura ki ba ni gado da lamba."

"Sa dai, mai bakin tsiya."

Ya tuɓe ledarsa da ƙyar, ya zura. Ya ɗaga hannu, riga na nan inda take. Ya juya, ya sake ɗagawa. Sai na ga ya kama bakin hannun dama yana dubawa, ya koma na hagu. Ni ma na leƙa. Ɗinkin ado na hannun dama da shuɗin zare aka yi shi, na hagu kuma da kore. Idon Kaka bai raba su ba, ni ma da na goge rigar a ninke ban lura ba. Yaron nan kuwa bakinsa ba linzami in dai da kakarsa ne.

"Kaka."

"Mene ne?"

"Wannan salon na hannu ɗaya shuɗi, ɗaya kore, a ina kika sato shi?"

Na ga hannunta ya tsaya a kan murfin keke. Ta gane, wallahi ta gane, ni kuma kunya da tausayi suka rufe ni. Amma sai ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ɗaga haɓa.

"Sata? Ni ake sata a wurina. Na yi ne don ka riƙa bambance dama da hagu, tunda har yau ba ka iya ba."

Ya fashe da dariya har da dukan tebur, ya tsaya gaban madubi yana jujjuyawa.

"Shi ke nan, kin ci, amarya. Da ita zan hau. Amma kin ja wa kanki, don sauran huɗun nan in suka gani ba za su bar ki ki yi barci ba. Kuma haka za ki yi musu, launi biyu, kada ki gyara komai."

"Su zo da hannuwansu a sama. Goggonsa, kin dai ji ko?"

"Na ji, Inna," na ce.

Ya ciro wani kati mai igiya daga aljihun wando ya rataya mata a wuya.

"Guda ɗaya aka ba kowa, na kujerar gaba, wurin da ke da laima. Ki zo ki ga rigarki."

Ta shafa katin ta sake shafawa, ta ce ita ba ta zuwa wurin hayaniya, sannan ta tambaye ni ko na goge mata mayafinta mai ruwan zuma. Har ya kai ƙofa ta kira shi.

"Maigida, dawo. Kafin ka tafi zura mini zare a allurar nan."

"Wane launi?"

"Wanda hannunka ya kai. Ai yanzu salo ne."