Ranar da Garinmu Ya Guje Ni

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na je neman goyon baya ƙauyenmu. Har gobe idan na ji babura sun taho a jere, kunya ce ke fara kama ni kafin tsoro.

Ƙauyen namu yana can bayan Damari, a ƙasar Sabuwa, inda hanya ke ƙarewa daji ya karɓa. A can aka binne cibiyata. Amma maganar gaskiya, shekara bakwai ke nan da na kwashe tsohuwata da iyalina muka koma Funtuwa, tun farkon da 'yan bindiga suka fara matsa wa yankin. Na buɗe shagon taki da maganin feshi, Allah ya sa albarka, na ajiye ɗan tumbi, har mutane suka fara ce mini Alhaji (ban je ba tukuna, amma ban taɓa gyara wa kowa ba). Daga nan zuciya ta raya mini cewa na isa kansila.

Mazaɓar tamu faɗi gare ta, mutane ne babu. Sai ka yi tafiya ka gaji tsakanin wannan unguwa da waccan, kuma in ka isa ka tarar rabin gidajen kango ne. Don haka 'yan tsirarun da suka rage, muryar kowa tana da nauyi. Manyan jam'iyya a Sabuwa suka ce mini magana ɗaya ce: in mutanen garinku sun tsaya maka, takara taka ce, in ba su tsaya ba ka koma wa takinka.

Ina da wani aboki, Sabi'u, haifaffen Funtuwa, wanda ya naɗa kansa daraktan kamfe ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Shi ya ce mini, "Alhaji, siyasa ido ce. In ka shiga garin nan kai kaɗai kamar mai zuwa ta'aziyya, sun raina ka ke nan. Shiga za mu yi ƙasa ta girgiza." Na ce ko mu aika wa Mai'unguwa tukuna? Ya ce ba-zata ta fi armashi. Ni kuma da yake an yabi girmana, sai na amince.

Muka tara babura goma sha biyar, kowanne da mutum uku, duk samarin cikin gari. Lokacin kaka ne, dawa ta yi kai, ruwa ya ɗauke. Da muka bar kwalta jar ƙurar hanya ta dame mu, sai kowa ya naɗe fuskarsa da ƙyalle, idanu kawai a waje. Tutocinmu kuwa an nannaɗe su a jikin sanduna, samarin sun rataya a baya, wai sai mun shiga gari za a warware. Ka tsaya ka auna wannan hoton da kyau. Ni ban auna ba, ina tsakiya cikin farar babbar riga ina bitar jawabina, wanda sakin layinsa na farko, wallahi, a kan tsaro yake.

Muka shiga da hantsi, ana ta murza wuta ana danna ham. Babu kowa. Ga tukunya a kan murhu tana tafasa, ga turmi da taɓarya a yashe, ga takalmi wari ɗaya a tsakiyar hanya. A bakin rijiya guga na ta lilo. Ko kaji sun yi tsit.

Hankalina ya tashi, na ce lalle 'yan bindiga sun riga mu shigowa. Amma ɗan siyasa ba ya asarar dama. Na sa Sabi'u ya kunna waya yana ɗaukata, na tsaya a gaban masallaci na buɗe hannuwa. "Jama'a ku dubi yadda azzalumai suka mai da garin iyayena! Allah ya isa tsakaninmu da duk wanda ya tarwatsa bayin Allah nan yau!" Samarina suka amsa da amin mai ƙarfi. Ni ma na shafa.

Sai muka ji tari daga wani zaure. Na leƙa, na ga Baba Ilu, aminin marigayi mahaifina, zaune a kan buzu. Idonsa ya daɗe da tafiya, ƙafa ma ta ƙi. Da ya ji takunmu bai ko razana ba, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi magana a hankali, da muryar wanda ya saba faɗin abin.

"Ba ni da komi, samari. Akuya guda ta rage, tana nan baya, ku kwance. Don Allah dai kar ku sa ma rumbu wuta."

Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne fa. Ɗan Malam Iro."

Ya miƙo hannu. Ya lalubo fuskata, ya ja ƙyallen da na manta ban cire ba. Sai na ga hawaye na bin gemunsa.

"Ɗan Malam Iro? Innalillahi. Kai ma daji ka shiga?"

A nan ne kaina ya waye. Na waiwaya na dubi tawagata a bakin zaure, mutum arba'in da wani abu, fuskoki a rufe, dogayen abubuwa rataye a baya. Ashe ni ne azzalumin da na gama ja wa Allah ya isa, kuma da bakina na ce amin.

Tara mutanen ya fi korarsu wuya. Sabi'u ya ɗauki lasifika yana ihu, "Ku fito, naku ne ya zo!" Baba Ilu ya ce masa ya rufe bakinsa, 'yan bindigar ma haka suke cewa. Sai da aka tura baburan duka zuwa bayan gari, aka ɗauki tsohon aka kai shi masallaci, ya yi ta kiran mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka sai bayan azahar suka fara ɓullowa daga cikin dawa.

Na so a ce ban ga dawowar nan ba. Tsofaffi da ƙaya a tafin ƙafa, yara sun yi kuka har murya ta dushe. Matar ɗan kawuna, kwananta huɗu da haihuwa, ta fito rungume da jariri, zaninta duk ƙarangiya, tana tafiya tana dafa bango. Abincin rana ya ƙone a kusan kowane gida. Kuma babu wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na ji sauƙi. Matar nan ma da ta iso kusa da ni sai ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya."

Mai'unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo mini ruwa a kwanon sha. Shi ma ƙafar wandonsa a yage take. Bayan doguwar gaisuwa, wadda ya yi ta cikakkiya har da tambayar tsohuwata, ya ce, "Alhaji, shekara nawa rabonka da garin ga?"

Na ce, "An ɗan kwana biyu, Baba."

"Shi ya sa. Mu nan doka munka yi tun tuni. Babur bai wuce biyu su shigo tare. Kuma ko guda ne, in ka kawo tsamiyar bakin gari sai ka kashe shi, ka buɗe huskarka, ka turo da hannu. Mai tallan gishiri ya san haka. Malamin allura ya san haka. Baƙon da ya zo sayen wake jiya ma ya sani." Ya kurɓi ruwa. "Gudu ba komi ba ne, mun saba. To, mi ke tahe da kai?"

Jawabina na aljihu, shafi uku. Na taɓa shi ta cikin riga. Na dubi mutanen da suka zagaye tabarmar, waɗanda na zo in shaida musu cewa na san damuwarsu fiye da kowa. Na sauke hannuna.

Na ce, "Gaisuwa na zo, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Gaisuwa ta iso kowa."

Haka muka fita a ƙafa, ba ƙara ba tuta. Sabi'u ya cusa lasifikarsa cikin jaka, ba ta ƙara fitowa ba har muka koma Funtuwa. Bayan kwana uku na je Sabuwa na ce na janye. Da aka tambaye ni dalili na ce shawarar manya ce, kuma ban yi ƙarya ba, don dai ban faɗi waɗanne manyan ba ne. An ba wani malamin firamare takarar, mutumin da bai taɓa kwana a wajen mazaɓar ba sai in asibiti ya kai shi. Ko hula mai kyau ba shi da ita.

Abin da na koya, da tsada, shi ne wanda bai san abin da ke sa mutanensa gudu ba, kada ya nemi su tsaya masa a layi. Yanzu nakan je garin duk ƙarshen wata, ni kaɗai. Yara sun daina kallona, manya sun daina zancen. Sai dai jaririn nan, an raɗa masa Abubakar ranar suna, amma duk garin Ɗan Gudu suke kiransa. Yana nan yana girma, kuma wata rana zai tambayi dalili.