Rasuwar Gazala, A-Kori-Kurar Si Munji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, Si Munji ɗan marigayi Balkasim, manomin zaitun a ƙauyen Bir Ammar, yana sanar da 'yan'uwa da surukai da maƙwabta, har da waɗanda ta yi wa rana suka manta, rasuwar motarsa Gazala, Fijo a-kori-kura mai ruwan toka. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hawan da ke gab da gidan matsar man zaitun, da lodin zaitun a bayanta. Ta rasu tana da shekara arba'in da 'yan kai, a bakin aikinta.

Ba don kyau Si Munji ya zaɓe ta ba. Shekarar da mahaifinsu ya rasu ya bar masa gona, da uwa, da ƙane mai suna Taufik wanda ko makaranta bai gama ba, a shekarar ya tafi kasuwar motoci ta Safakis. Can ya ga wata jar mota ƙarama mai sheƙi. Ya zagaya ta, ya shafa ta, ya leƙa cikinta, sannan ya tambayi kansa inda zai sa buhu a jikinta, da inda zai ɗaure rago. Sai ya juya mata baya ya sayi Gazala. Yana cewa tun ranar bai sake tuna jar motar nan ba, ko da yake har gobe yana iya faɗa maka launin kujerunta.

Marigayiya ta kasance mai haƙuri, mai juriya, marar ƙorafi sai da safe. Duk wanda ya tashi a Bir Ammar ya san muryarta. Takan fara da kir-kir-kir, ta yi shiru kamar mai tunani, ta yi tari, sannan ta ce gurum, har tantabarun masallaci su watse. Ƙofarta ta dama takan ce ƙiii in an buɗe, ba ta kuma rufuwa sai an ɗaga ta sama kaɗan an yi mata magana mai daɗi. Ta ɗauki zaitun na rabin gonakin ƙauyen. Ta ɗauki gadajen amare da ragunan layya. Ta kai mata masu naƙuda asibiti, wasu ma ba su kai ga asibitin ba, a bayanta suka sauka lafiya. Ta raka gawarwaki maƙabarta a hankali, ba ta taɓa mutuwa a hanya ba ranar jana'iza, kamar ta san ranar ba tata ba ce. Ita ce kuma ta kai Taufik tashar jirgin ruwa da zai tafi Italiya neman aiki, da akwatinsa ɗaure da igiya.

Ciwon ajalinta ya soma ne a bazarar da ta wuce, ranar da wannan Taufik ɗin ya dawo gida gaba ɗaya, a cikin wata farar a-kori-kura sabuwa fil mai ƙofa huɗu. Si Munji ba zai ambaci sunan kamfaninta a cikin wannan sanarwa ba. Tana da na'urar sanyi, tana da gilasai masu hawa da sauka da kansu, akwai kuma wata mata a cikinta da ke gaya wa direba ya yi dama ko ya yi hagu, a ƙauyen da titinsa ɗaya ne tak. Da aka tambayi Taufik a gidan shayi abin da ya sa ya zaɓe ta, sai ya yi dariya ya ce, "Wallahi farin ne ya burge ni." Si Munji ya ajiye kofinsa. Wato mutum ya zaɓi mota yadda ake zaɓen riga.

Daga nan aka fara zamewa. Si Rida mahauci, wanda Gazala ta ɗauko wa shanu tun yana saurayi, ya soma cewa nama ya fi son sanyi. Masu aurar da 'ya'ya suka gano cewa farar mota ta fi fitowa a hoto. Shadliyya, matar Si Munji, ta bi farar motar zuwa kasuwar Mahdiyya sau ɗaya, ta dawo tana kwance ɗankwali tana cewa, "Ikon Allah, yau dai bayana bai yi ciwo ba." Ba da kowa take ba, in ji ta. Si Munji ya fita ya wanke Gazala, ko da yake jiya-jiya ya wanke ta.

Duk wannan ya shanye. Abin da bai shanyu ba shi ne na ranar Alhamis. Shekara da shekaru, kowace Alhamis, shi yake kai mahaifiyarsu Umma Mabruka wurin likitan gwiwa. Yana da wani ɗan akwatin katako da yake ajiye mata ta taka ta hau, da buzun tunkiya da yake shimfiɗa mata a kujera. Wannan Alhamis ɗin ya shimfiɗa buzu, ya ajiye akwati, ya tayar da Gazala, sai ya hango Umma zaune a gaban farar mota, an ɗaura mata bel, tana gyara mayafi.

Ya ce, "Umma, ga shi na riga na tayar da ita."

Ta ce, "Bar ta ta huta, ɗana, ta tsufa kamar ni. Ka san kujerar nan har gasa wa mutum ƙugu take yi? Zo ka taɓa ka ji."

Taufik ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, shigo mana mu tafi tare, akwai wuri a baya."

A baya. Si Munji ya ce yana da aiki a gona. Ya tsaya ya ga fitarsu, Gazala na gefensa tana gur-gur-gur ita kaɗai, har ya tuna ya kashe ta.

Da kakar zaitun ta zo, Si Lazhar bakanike ya riga ya gargaɗe shi cewa lagireto na yoyo, injin kuma ya gaji, a riƙa yi mata rabin lodi. Ranar Talatar nan aka tara buhunan gonar gado a bakin hanya, na 'yan'uwan biyu a haɗe. A gidan matsar mai wanda ya riga isa shi ake fara matsa wa, zaitun kuwa in ya daɗe a buhu mansa yakan yi tsami.

Taufik ya ce, "Yaya, rage mata. Zuba rabi a tawa, ai duk namu ne."

Si Munji ya ce, "Tana ɗaukar fiye da wannan tun kana fitsarin kwance. Kai dai ka kula kada ƙura ta ɓata maka fenti."

Ya ƙara buhu a kan buhu har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ya ɗaure tampol, ya kama hanya. Farar motar ta biyo shi da nata lodin, Umma da Shadliyya a ciki. Ba ta yi masa oda ba, ba ta matsa masa ba, binsa kawai take yi a hankali kamar mai rakiyar marar lafiya. Wannan ladabi shi ya fi ƙona masa rai. Da aka iso gindin hawan, Taufik ya kunna sigina ya wuce shi ba ko ƙara, Umma na ɗaga masa hannu ta cikin gilashi.

Si Munji ya sauke giya, ya taka totur har ƙasa. Gazala ta amsa. Ta yi wani kuka da bai taɓa ji daga bakinta ba, ta zabura, ta kamo farar motar, ta jera da ita, ta wuce ta. Sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai gam. Farin tururi ya turnuƙe gilashi. Ya ja birkin hannu, ya murza makulli, ya sake murzawa. Ko kir ba ta ce ba.

Si Munji yana so a rubuta, a kuma sani, cewa marigayiya a gaba ta rasu. Akwai masu cewa Taufik ne ya taka birki da ya ga hayaƙi na fita daga ƙarƙashinta. Mai makoki bai yarda da wannan ruwaya ba, yana kuma roƙon kada a kawo ta wurin zaman gaisuwa.

Farar motar ce ta jawo gawar da igiya, ta tsakiyar ƙauye, ta gaban gidan shayi a lokacin da ya fi cika. Si Munji na zaune riƙe da sitiyarin da ba rai, idonsa a kan bayan motar ƙanensa tun daga hawan har ƙofar gida. Si Lazhar ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya cire hularsa ya ce, "Injin ya buga, Si Munji. Sai haƙuri."

Taufik ya dafa bodinta, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Yaya, batun fari wasa nake yi. Abokaina a can duk ƙananan motoci suka saya. Ni tun ina ƙarami ba abin da nake so kamar in shigo garin nan a a-kori-kura, mutane su fito su ce ga irin ta Munji." Si Munji kam, maganar ta shige shi, bai musa ba, har ya kau da kai ya share fuska da hannun riga. Amma ya lura cewa duk lokacin da Taufik ke faɗinta, makullin farar motar na yatsarsa yana juya shi.

Ta rasu ta bar mai ita, da tayar safaya da ba ta taɓa riƙe iska ba, da jak, da wani kaset da ya maƙale a rediyonta tun bikin Shadliyya. Ta bar ƙannenta biyu, Fijo irinta, da ke aikin jigilar tumaki a wajen Aljam. Ta bar kyanwar gidan, wadda ta yi shekaru tana kwana a kan bonet ɗinta, wadda kuma aka gani tun ranar Laraba a kwance a kan farar motar ba kunya ba nauyi.

Za a kai marigayiya makwancinta ranar Juma'a bayan la'asar, a gindin ɓauren bayan gida, inda za a ɗora ta a kan duwatsu a lulluɓe ta da tampol ɗinta. Da hannu za a tura ta, ba a bukatar igiyar kowa. Masu sayen tsoffin ƙarafa kada su wahalar da kansu. Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, akwai shayi da kuskus, masu zuwa da mota su bar ta a bakin masallaci su ƙaraso da ƙafa.

Sauran zaitun na nan a gona, ba zai jira a gama makoki ba. Don haka ana sanar da Taufik ya zo da motarsa ranar Asabar da sassafe. Si Munji zai hau baya, a kan buhuna, cikin iska da ƙura. Kada kowa ya buɗe masa ƙofa, kada kuma a ce ya taɓa kujera ya ji.