Ranar da Ordinata Ta Tona Mini Asiri Gaban Elhaji

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a biron Elhaji Sani, wato ofishinsa da ke unguwar Talladje, ba. Ko na so in manta, abokan aiki ba za su bari ba.

Elhaji mutumin Maraɗi ne, yana da kamfanin jigilar kaya, motocinsa na kai albasa da wake har bakin teku. Ni ke kula da ordinatocin kamfanin, wato kwamfutoci, watana shida da kama aiki, kaina cike da karatu. Duk aikinmu, daga takardun direbobi har jerin kayan da ke magaza, ɗakin ajiyarmu, yana cikin lojisiyel ɗin wani kamfani guda, wato manhajarsu ta ordinata. In suka sauya tsari mu bi, in suka ce injinanmu sun tsufa mu sayi sababbi. Ga shi wa'adinmu da su ya kusa cika, suna so mu sa hannu na shekara uku.

Ni kuwa na rantse sai na raba mu da su. Akwai lojisiyel da masana daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su ƙera, kowa na iya ɗauka, ya duba cikinsa, ya gyara yadda ya ga dama. Na dami kowa da wannan wa'azi (har wurin cin dambu da rana, sai na ga mutane na janye kwanonsu in na zauna). Da abin ya ishi Elhaji ya ce, "Ɗana, ka zo ka faɗa gaban wakiliyarsu, in ji ku duka biyu."

Wakiliyar, Madam Zalika, Bazabarmiya ce mai fara'a. Ba ta yi minti biyar ba. "Elhaji, in abu ya lalace lamba guda za ku kira, mu zo. Shi ke nan." Ta zauna.

Na miƙe cikin kwat da karabat, a zafin Afrilu. Na haɗa ordinatata da babban allon bango, na fara nuna shafukan da na yi mako biyu ina ƙawatawa. Na kai kan hoton wata ƙatuwar sarƙa, na ɗaga murya. "Elhaji, waɗannan mutane makullinmu na hannunsu. Ranar da suka ga dama su kulle mu. Ni dai na daɗe da fita daga wannan bauta!"

Ban rufe baki ba allon ya dushe. Wani saƙo ya fito da manyan baƙaƙe, ga tambarin kamfanin Madam Zalika a samansa, ɓaro-ɓaro.

(To, bari in faɗi gaskiya. Da lojisiyel ɗinsu na shirya shafukan. Suna ba da mako biyu na gwaji kyauta, kuma nasu ya fi sa rubutu ya shigo yana juyi. Na ce wa zai sani?)

Elhaji ba ya karanta Faransanci. Ya juya wurin sakatariyarsa. "Hadiza, mi ya ce?"

Na kalle ta da idon roƙo. Ta gyara tabarau, ta fassara a tsanake kamar mai karanta labarai a rediyo: "Ya ce, ya kai abokin cinikinmu mai daraja, kwanakin gwajinka sun ƙare, mun kulle wannan takarda."

Ina jin gumi na bin bayana har cikin safa. Sai Madam Zalika ta ce da murya mai taushi, "Ƙanena, in kana so in buɗe maka da lambata, ka ƙarasa zaginmu."

Ɗakin ya fashe. Shugaban direbobi ya fita waje yana riƙe da ciki. Elhaji ya yi dariya har ya tuɓe hula yana fifita da ita.

Da ya lafa ya nuna allon. "Wallahi wannan ya fi duk bayaninka. Yau takardarka ce. In ranar da motata ke kan iyaka ce fa?" Zuciyata ta fara dawowa wurinta, sai ya ƙara, "Amma naka ɗin, in ya lalace wa za mu kira?"

"Ni, Elhaji."

"Kai da ba ka iya buɗe takardarka ba?"

Aka sake wata dariyar. Hadiza ce ta cece ni. Ta ce tun da na sa mata lojisiyel ɗin nawa watanni uku da suka wuce, da shi take buga duk wasiƙun kamfani, kuma bai taɓa ba ta wahala ba. Ashe almajirata ta fi ni riƙon aƙida.

A ƙarshe Elhaji ya sa hannu na shekara guda kawai, bisa sharaɗin za mu iya kwashe bayananmu duk ranar da muka so. Ya ce a fara gwada nawa a magaza, in koya wa mutum biyu don kada kamfani ya fita hannun wasu ya faɗa hannuna ni kaɗai. Madam Zalika ta amince, har ta rage mana hanya zuwa cin abinci.

Yanzu magaza na tafiya lafiya lau. Ni kuwa har yau sunana a biro "Abokin Ciniki Mai Daraja". Abin da na koya shi ne, kafin in tashi yi wa jama'a wa'azi, in fara leƙa abin da ke cikin ordinatata, don ita ba ta san rufin asiri ba.