Ranar da Sallau Ya Shanya Littattafai

Sallau shi ne mai sharar firamaren ƙauyenmu. Yana zaune da yayarsa Tabawa da wani tsohon jaki, kuma abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ranar Litinin aka kore shi. Ni da na shekara talatin da huɗu ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, ban yarda ba. Ku saurara.

Wata rana malaman aji ɗaya suka ce sun gaji da "ba, be, bi" da yara ke rerawa ba su gane harafi ko ɗaya ba. Malama Kubura ta yanka katuna, kowanne da kalma da hotonta.

"Sallau, manna kowanne a jikin abinsa."

Ya manna ƙofa, ya manna taga. Sai ga katin akuya. Yini ya yi yana bin akuyar liman, liman na binsa da sanda. To, wa ya sa akuya cikin katunan?

Wata rana malamai suka zauna taro kan sabon tsarin koyar da karatu. Hedimasta ya tsayar da Sallau a ƙofa ya ce, "Kada kowa ya shigo." Can sai ga jami'ar da za ta horar da su.

"Bawan Allah, ni suke jira!"

"Hajiya, kowa aka ce."

Awa biyu tana gindin darbejiya, su kuma suna ciki suna mitar ta makara.

Wata rana ruwa ya zubo wa kabad ɗin da aka kulle littattafan karatu shekara uku, wai don kada yara su ɓata su. Hedimasta ya ce, "Shanya su, kada iska ta ɗauki ko ɗaya." Duwatsun dannewa ba su isa ba. Sai Sallau ya jera 'yan aji ɗaya, ya miƙa wa kowa guda.

"Riƙe da hannu biyu. In shafi ya bushe, a juya."

Malama Kubura ta fito ta tarar da Uwale, wadda ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ta ɗora yatsa ƙarƙashin hoto.

"Ra... go. Malama, rago ne!"

A kan wannan aka kore shi, wai ya bar yara sun taɓa kayan makaranta. Kunya dai ba tasa ba ce. Yau malamai shida sun sa hannu a raba littattafan nan, kuma hedimasta ya fara sassautowa. Saura a mayar wa Sallau tsintsiyarsa kafin Juma'a. Ba wuya. A ce masa kawai, "Sallau, dawo aiki." Zai dawo.